Littafin Mai Ajiya

Ɗakin wankin otal ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake. Ba taga, ba ka sanin ko rana ake yi ko ruwa sai ka hau matakala. Injin wanki shida ne a jere, sai teburan guga can ƙurya, sai bahunan roba da ake jiƙa kayan da suka yi tabo. Shekara goma sha tara Mai Ajiya ta yi tana sauka wannan matakala. Halinta ne ya ja mata sunan. Duk wanda aka ba makullin loka biyu, ɗaya wajenta yake kaiwa. Katin asibiti, takardar makarantar yaro, zoben da ya daina shiga yatsa, duk a wajenta suke kwana. Ba ta taɓa cewa a kawo ba, ba ta kuma taɓa cewa a daina ba. A gaban idonta Yaya suke ce mata, har da Baba mai guga wanda ya ba ta shekara goma.

Wata huɗu ke nan da aka canza musu ruwan cire tabo. Sabon ya fi aiki, wannan ba musu, amma safar hannun da ake ba su ba ta kai tsakar rana take yagewa. Fata ta fara saɓulewa, gaɓoɓin yatsu suka tsattsage, wasu har farce ya soma ɗagawa. An yi magana, Manaja ya ce za a duba.

Ita ce ta buɗe musu guruf a manhajar hirar nan da kowa ke da ita a waya, ta zuba lambobin mutum goma sha bakwai, don a riƙa jin halin da kowa ke ciki. Doguwa, wadda suka yi shekara goma sha biyu suna jiƙa kaya a baho ɗaya, ta tura hoton tafin hannunta, ta bi shi da maganar da ba ta tauna ba. Bayan kwana biyu Manaja ya kira ta ofis, ya juyo mata da wayarsa. Hoton hirar ne, ga sunanta ga lambarta a sama. Aka sallame ta, wai ta ɓata wa otal suna. Har yau ba wanda ya san wa ya ɗauki hoton a cikin goma sha bakwai ɗin. Abin da Mai Ajiya ta sani shi ne da hannunta ta zuba lambobin.

Ranar hutunta ta je ofishin ƙwadago. Jami'ar da ta saurare ta ba ta yi mata kwana-kwana ba. Ta ce idan za a samo hotunan hannayen mutum goma, kowa ya ɗauka kullum bayan tashi daga aiki har kwana bakwai, don a ga ciwon yana bin aikin, to ofis zai tura masu bincike da kansa ba tare da sunan kowa ya fita ba. Idan ba a samu goma ba, sai mutum ɗaya ya shigar da ƙara da sunansa, kuma takardar da sunan za ta isa otal. Ta ba ta mako biyu, zuwa ranar Juma'ar da ake rufe jerin wuraren da za a duba.

Mai Ajiya ta bi mutanenta ɗaya bayan ɗaya a ɗakin canza kaya. Kowa ya yarda da hoto. Ba wanda ya yarda ya ƙara tura ko da gaisuwa ce da lambarsa a sama, ba kuma mai son a gan shi kullum yana miƙa mata hannu tana ɗauka. Ta yi musu alkawari, da bakinta, cewa sunan wani ba zai sake fita ta hannunta ba. Daga nan ta nufi shagon ƙaninta.

Auta ake ce masa a gida, ko da yake furfura ta fara fito masa a gemu kuma 'ya'yansa huɗu. Gyaran waya yake yi a wani ɗan shago da in mutum biyu suka zauna sai na uku ya tsaya a ƙofa. Ya saurare ta yana buɗe bayan wata waya da ɗan sukundireba, bai ɗago ba sai da ta gama.

"Yaya, manhajar nan ba ita ta ci amanarku ba," ya ce. "Saƙo a kulle yake tafiya a cikinta, ko masu ita ba sa iya karantawa. Amma kamfani ɗaya ne, komai ta gidansa yake bi. Ya san lambarki, ya san da wa kike magana, ya san ƙarfe nawa. Kuma duk wanda ke cikin guruf yana kallon lambar kowa. Naku ne ya ɗauka, ita dai ta ajiye masa sunan a inda zai gani."

"Na ji. Wacce ce ba ta ajiyewa?"

Ya nuna ƙarƙashin tebur da ƙafa. Wata tsohuwar kwamfuta ce a wajen, ta yi ƙura, tana ɗan huci.

"Akwai wata iri da ba ta da mai gida. Kowa na iya kafa tasa tashar, tashoshin kuma suna magana da juna. Ni ga tawa nan, ni da abokaina muke amfani da ita. Ba ta tambayar lambar waya. Mutum ya zaɓi sunan da ya ga dama."

"In wani ya ɗauki hoton hira fa?"

"Sai ya kai wa Manaja cewa Agwagwa ta yi wa Tukunya magana. Kuma ba guruf za ku yi ba. Kowa ke kaɗai zai turo wa, ya goge nasa. Ba wanda zai san wa da wa suka shiga."

Ta dubi kwamfutar. Fankar cikinta tana yin wata ƙara kamar ta mai mura.

"To in haka take, me ya hana duniya komawa can?"

Auta ya sosa gemu. "Za ki gani," ya ce.

Ranar Asabar ta gani. Ta zauna a kan benci a shagon tun hantsi, mutanenta suna zuwa ɗai-ɗai kamar masu kawo gyara. Rediyo ce ta fara zuwa, wata mai ninke tawul da bakinta ba ya hutawa ko inji ya fi ta ƙara. Auta ya sauke mata manhajar, ya ce ta ɗora yatsa don ta riƙa buɗewa da shi. Ta ɗora, waya ta ƙi. Ta goge a zani ta sake, ta ƙi. Ta gwada duk goman.

"Ƙanin Yaya, wayar nan ta manta ni ne? Ni na saye ta fa."

Ya kama yatsan ya duba a ƙarƙashin fitilarsa. Zanen ya shafe, ya yi sumul kamar bayan cokali. Sannan ya sake shi.

"Sai dai ki riƙa rubuta kalmar sirri."

"Ni da ko gaisuwa da murya nake turawa? In rubutu nake so ai da ban bar makaranta ba."

Haka aka yi da kusan kowa. A cikin sha uku da suka zo, mutum biyu ne waya ta gane yatsunsu, su ma sababbin ɗauka ne. Bayan kalmar sirri kuma sai manhajar ta fito wa kowa da wasu kalmomi goma sha biyu na Turanci, marasa dangantaka da juna. Auta yana kwafe wa kowa nasa a guntuwar takarda, yana maimaita magana ɗaya har ta haddace ta.

"Wannan shi ne komai. In waya ta ɓata, ko manhajar ta fitar da ke, da waɗannan kaɗai za ki koma. Ba kamfanin da za ki kira, ba lambar da za a turo miki. A ɓoye shi. Kada a ba kowa, ko ni."

Baba mai guga ya riƙe tasa takardar nesa da ido, ya kawo ta kusa, ya sake nesanta ta.

"Ɗana, waccan ta kowa jikata ce ta sa mini, kafin shayina ya huce ta gama. Wannan taka kuwa sai ka ce ɗaukar aikin soja."

"Waccan su suke riƙe maka komai, Baba. Wannan kai kake riƙewa."

"Ni ko tabarau ɗina ban iya riƙewa ba."

Da aka zo zaɓen suna ya ce a sa masa Matashi. Rediyo ta zaɓi Shiru. Auta ya yi dariya har sai da ya ajiye sukundireba. Mai Ajiya ma ta murmusa, rabonta da haka tun tafiyar Doguwa. Tun daga ranar suka raɗa wa manhajojin suna: ta kowa, da ta Auta.

Litinin da safe, a ɗakin canza kaya, Rediyo ta zo wucewa ta cusa mata wani abu a hannu. Guntuwar takardar ce, an ninke ta huɗu.

"Riƙe min, Yaya. Gidana yara sai su yi jirgi da ita."

Kafin a tashi shan shayi takardu tara sun taru a aljihun rigar aikinta, kafin yamma sun cika sha uku. Ba wanda ya lura, don ba ranar da ba a miƙa mata wani abu. Ta tuna maganar Auta, amma a ganinta da baƙo yake nufi. A wajen nan, in an ce a ɓoye abu, ita ce maɓoyar.

Tururin ɗakin ya jiƙa takardun, tawadar wasu ta fara narkewa. Da ta koma gida ta ɗauko wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da ta saya tun tana zuwa ajin manya, inda ta koyi rubutu bayan ta haifi 'yarta ta uku. Ta zauna a bakin gado da sauran hasken yamma, ta kwafe komai harafi bayan harafi, tana dubawa sau biyu don ba ta san ma'anar ko ɗaya ba. Nata ta fara sawa a sama. Sunayen da suka zaɓa suna rikita ta, ta kasa tuna wace ce Tsintsiya, wane ne Kwalba. Don haka a gefen kowanne ta rubuta sunan mutum na gaskiya. Shafi biyu suka cika da rubutunta mai tsabta. Ta yayyaga guntayen, ta sa littafin a ƙasan akwati.

Hotuna suka fara shigowa, amma da wahala. Manhajar tana shan caji kamar me. Wani hoton sai ya yi awa yana juyawa. Wani ya iso a rufe, da wani rubutu a kansa, sai ta kira Auta ya ce a sake turowa. Kwalba ya manta kalmar sirrinsa sau biyu. Mutum biyu suka gaji suka bari. Kullum da yamma, a motar komawa gida, tana duba wanda ya turo da wanda bai turo ba, kashegari ta bi ta gefensa ta ce, "Jiya ban ga saƙonka ba," a hankali, kamar mai tambayar lafiyar yara. Tana kuma tuna wa kowa: in ya tafi, a goge.

Ranar Alhamis aka ɗauke wuta a layin shagon Auta tun la'asar, kwamfutar ta mutu, komai ya tsaya. Mai Ajiya tana cikin mota wayarta ta yi ƙara. Tsohon guruf ne na ta kowa, wanda ba a sake cewa komai a ciki ba tun korar Doguwa. Saƙon murya ne daga Rediyo. Ta kara a kunne.

"Yaya, wannan abin na ƙaninki ya ƙi tafiya fa. Tun ɗazu hoton nan ke juyi kamar inji na uku. In turo miki ta nan ne?"

Ta sauke wayar a cinya. Motar ta tsaya, wasu suka sauka, wasu suka hau. Sannan ta kira Rediyo.

"Goge abin da kika tura."

"Wanne? Au. A guruf na sa? Wallahi ke na nufa, hannuna ne ya saba da can."

"Goge dai."

Rediyo ta goge. Amma manhajar ta nuna mutum shida sun riga sun saurara. Mai Ajiya ta bi sunayen shidan da ido. Ta san iyayen wasu, ta je sunan 'ya'yan wasu. Ba ta ji haushin Rediyo ba. Gajiya kawai ta ji, irin wadda ke zama a kafaɗa.

Kwanaki suka wuce ba abin da ya faru. Zuwa Talata mutum goma sha ɗaya sun cika kwana bakwai ɗinsu. Takan buɗe ta duba, hannaye ne iri-iri, wasu a kan tabarma, wasu a kan gwiwa, wani an ɗauka kusa da kofin shayi. Ba fuska ko ɗaya, amma ta san kowane hannu. Auta ya ce ta zo ranar Laraba bayan aiki ya kwashe su a ɗan abin ajiya, ta kai ofis.

Laraba da safe ta buɗe manhajar, sai ta ga farin shafi da gurabe goma sha biyu. Ta kira shi.

"Ta sabunta kanta ne, ta fitar da ke," ya ce. "Wayarki ta cika. Ba komai, kalmominki suna nan?"

"Suna nan."

"Ki taho da su. Shida nake rufewa, kada ki biya gida."

Ta ɗauko littafin daga ƙasan akwati. A wajen aiki ta buɗe loka za ta ajiye, sai ta fasa, ta sa shi a aljihun rigar aikinta inda za ta riƙa jin nauyinsa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Manaja ya sauko, abin da ba ya yi sai da dalili. Masu gadi biyu na biye da shi, mace da namiji. Ya ɗaga hannu aka rage injina. Ya ce tawul suna ɓacewa, don haka za a duba loka, a duba jaka, a duba aljihu. Kowa ya yi layi a bakin ɗakin canza kaya. Bai kalli kowa ba yana maganar, amma duk ɗakin an san ba tawul yake nema ba. Wa ke sa tawul a aljihu?

Aka fara layi. Baba mai guga ya kashe dutsen gugarsa, ya wuce ta gabanta yana jan ƙafa, bai dube ta ba. Mai gadin mace ta fara da Tsintsiya. Ta zazzage jakarta a kan benci, ta buɗe wata 'yar takardar magani ta karanta, ta miƙa wa Manaja, shi ma ya karanta.

Mai Ajiya tana tsaye a gaban inji na uku, ƙofarsa a buɗe, ta zuba rabin zannuwan gado. Littafin yana danne da cinyarta. Shafi biyu ne kawai, amma duk abin da ta Auta ta ƙi tambaya yana ciki: wa ya shiga, da wane suna, da abin da zai buɗe saƙonninsa. Sunaye goma sha uku ban da nata, da rubutun da ko yaro zai karanta.

"Ke ma, Yaya," in ji Manaja. Shi ma haka yake ce mata, don ta riga shi zuwa otal ɗin.

"Bari in tayar da wannan, ranka ya daɗe. Na hawa na huɗu ne, ana jira."

Ta sunkuya ta rungumo sauran zannuwan daga kwando. Hannunta ya shiga aljihu ya fito a ƙarƙashinsu. Ta tura duka ciki, ta rufe ƙofar, ta murɗa wajen ruwan zafi, ta danna. Ruwa ya fara zuba. Ta ga baƙin bangon ya leƙo ta gilashi sau ɗaya, zani ya rufe shi. Ta je ta shiga layi.

A aljihunta an sami makullan loka guda tara a zare ɗaya, da katin asibitin wani, da man shafawa. Manaja ya juya makullan a hannunsa, ya mayar mata. An yi awa ɗaya ana bincike. Ba a sami tawul ba, ba a sami komai ba.

Da injin ya tsaya, zannuwan sun fito da ɗigo-ɗigon takarda mai toka-toka manne a ko'ina. Bangon ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Ta tsince abin da ya tsintu, ta kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ta sake wankewa. Hawa na huɗu suka kira sau biyu.

Shida saura kwata ta isa shagon. Ta zauna a benci ta ba shi labari tun daga Litinin ɗin da aka fara miƙo mata takardun. Auta ya cire tabarau ya ajiye.

"Na kowa? Da sunayensu?"

"Da sunayensu."

"Yaya, mun guje wa kamfani mai riƙe komai, sai ke kika zama kamfanin."

"Su suka kawo."

"Na ce kada a ba kowa."

"Ka ce. Ni a wajensu ba kowa ba ce." Ta dubi tafin hannunta. "Ka ba mutane abin da ba su da inda za su sa shi, Auta. Sai suka sa a inda suka saba."

Can ya ce, "Me ya hana ki yage naki kafin ki jefa? A sama yake, kin ce."

"Sai da ruwa ya fara zuba na tuna."

Ya jawo kwamfutar, ya haɗa ta da allo, ya yi ta danne-danne. Ta san don ita yake yi, don kada ya ce a'a da wuri. Daga baya ya nuna mata wasu layuka na haruffa da lambobi da ba su da kai ba su da gindi.

"Ga su nan. Hotunanki saba'in da bakwai, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma a kulle suke, kuma ba ni da abin buɗewa. Da ina da shi, da duk wanda ya ɗauke kwamfutar nan ma yana da shi. Don haka aka yi ta."

"Da ta kowa ce fa?"

Bai so amsawa ba, amma ya amsa. "Da lambarki za ki sa, su turo miki wasu lambobi shida. In kin bar ta tana ajiye miki kwafi, kafin ki sha ruwa komai ya dawo."

"Da kuma sunayen."

"Da kuma sunayen."

Maƙwabcinsa mai ɗinki ya fara jan ƙofar shagonsa. Auta ya ce ko wasu ba su goge nasu ba, a tambaya. Ta gyaɗa kai, ta miƙe da ƙyar, gwiwa tana ƙara.

Alhamis ta tambaya. Sun goge, kamar yadda ta yi ta gaya musu kullum. Yawancinsu ma tun jiya suka cire ta Auta daga waya gaba ɗaya, a banɗaki. Rediyo ce kaɗai ta sami hotuna uku da ta manta ba ta goge ba, ta zo tana raɗa, abin da bai yi kama da ita ba.

"Yaya, ni na jawo, ko? Ki faɗa min gaskiya."

"Ninke tawul ɗinki."

"A sake mana. A roƙi matar ta ƙara mako ɗaya."

Mai Ajiya ta dubi ɗakin. Kowa ya duƙufa a kan aikinsa, ba mai ɗaga kai. Baba mai guga ne ya matso da kwandon riguna, ya ajiye a kusa da ita kamar abin da ya kawo shi ke nan.

"Takardata tana nan?" ya tambaya, bakinsa ko motsi bai yi sosai ba.

"Babu ita, Baba. Babu ta kowa."

Ya sauke numfashi. "To madalla," ya ce. Ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka, sai ta san ba za a sake ba, ko an ƙara musu wata guda.

Juma'a aikin rana gare ta. Da safe ta yi wanka, ta sa kayanta na fita, ta hau mota zuwa ofishin ƙwadago. Ta yi kusan awa a kan kujerar roba kafin a kira ta. Jami'ar ta gane ta, ta miƙo hannu tana jiran waya ko takarda.

"Babu," in ji Mai Ajiya. "An samu, sun kuma tafi."

"Ko biyar? In ga ko zan iya yin wani abu."

"Uku ne, na mutum ɗaya, ba a jere ba."

Jami'ar ta jingina da kujera. "Mama, na gaya miki yadda abin yake. In ba goma, sai da suna. Kuma ba zan ɓoye miki ba, doka ta hana su taɓa ki saboda ƙara, amma kin fi ni sanin yadda ake nemo wa mutum wani laifin. Shekara nawa ya rage miki ki huta?"

"Biyu."

"Ba wanda zai ga laifinki in kin koma gida kin yi tunani."

"Na yi a mota."

Matar ta jawo aljihun tebur ta fito da fom. Mai Ajiya ta karɓi biro. Riƙe shi ya yi mata wuya, tsagar babban yatsa tana buɗewa in ta matsa, sai ta saƙale shi tsakanin na tsakiya da manuni. Ta rubuta sunanta cikakke, harafi bayan harafi. Ta rubuta sunan otal, da sashen da take, da shekarunta a wajen. Akwai gurbin da aka ce a lissafa sauran ma'aikatan da abin ya shafa.

"Wannan dole ne?"

"Ba dole ba ne. Amma yana ƙara wa ƙarar nauyi."

Ta ja layi a gurbin, ta wuce. A ƙasa ta sa lambar wayarta, ta sa hannu.

Jami'ar ta shimfiɗa farar takarda a tebur ta ce ta ɗora hannayenta. Ta ɗauki hoton tafin, ta ce ta juya, ta ɗauki na bayan. Ta buga hatimi a fom ɗin, ta yago rabi ta ba ta.

"Yaushe zai isa wajensu?"

"Litinin, ko Talata in an yi jinkiri. Masu bincike kuma cikin mako biyu."

Mai Ajiya ta ninke takardar ta sa a jaka. Ta dubi agogon bango. Sha biyu da rabi.

"To bari in tafi, 'yata," ta ce. "Ƙarfe biyu nake kama aiki, kuma motar ba ta da tabbas."